Yadda Ake Gwada Shafukan Intanet da Manhajojin Hukuma Domin Masu Buƙata ta Musamman

1.0 Gabatarwa

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu ya faru ne a zangon karatun da ya wuce. Wani abokin karatuna makaho ya zauna zai cike takardar neman tallafin karatu a shafin intanet na wata hukuma. Mutum ne da ya fi ni iya kwamfuta nesa ba kusa ba, domin yana da manhajar da ke karanta masa duk abin da ke kan allo. Ya cike komai lami lafiya, sai a ƙarshe shafin ya kawo hoton wasu karkatattun haruffa ya ce a kwafe su. Manhajar ta yi shiru. Ya kira ni cikin dare ya ce, "Malam, taimaka ka zo ka ara mini idanunka, gobe za a rufe." Da ba na kusa, da sai dai ya miƙa lambar sirrinsa ga baƙo a shagon kwamfuta, ko kuma tallafin ya wuce shi.

Wannan ne ya sa na shiga binciken yadda ake gwada irin waɗannan shafuka. Abin da na gano, wanda kuma nake son in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai, shi ne kaso mai tsoka na wannan gwaji aikin masu nazarin harshe ne.

2.0 Asalin Dokar Gwaji

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna fama da wata naƙasa. Shafin ɗan kasuwa idan ya ba ka wahala sai ka koma na maƙwabcinsa, amma na hukuma ba shi da kishiya.

An daɗe ana kai ƙara kan wannan. Wani makaho a Ostareliya mai suna Bruce Maguire ya kai ƙarar kwamitin shirya wasannin Olamfik na birnin Sidni saboda shafinsu ba ya karantuwa gare shi. Ya yi nasara, aka ba shi diyyar dalar Ostareliya 20,000.

A 2016 Tarayyar Turai ta fitar da umarni mai lamba 2016/2102 wanda ya wajabta wa hukumomin ƙasashenta gyara shafukansu da manhajojinsu na wayar salula. Aka ba sababbin shafuka wa'adin 23 ga Satumba 2019, tsofaffi 23 ga Satumba 2020, manhajojin waya kuma 23 ga Yuni 2021. Birtaniya, wadda a lokacin tana cikin Tarayyar, ta kafa tata dokar a 2018. Dokokin sun tanadi abu biyu. Na farko, kowane shafi ya wallafa bayanin da ke faɗin inda ya cika sharuɗɗa, da inda ya gaza, da hanyar kai kuka. Na biyu, a naɗa hukumar da za ta riƙa ɗibar shafuka tana gwadawa. Gwajin iri biyu ne: na sama-sama, wanda ake yi wa shafuka da yawa, da kuma na ƙwaƙƙwafi, wanda ake yi wa kaɗan daki-daki.

3.0 Ma'aunin Gwaji

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne ƙa'idojin da ake kira WCAG, na ƙungiyar W3C wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994. Bugu na farko ya fito a 1999, na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, sai na 2.2 a 2023. Tun daga bugun 2008 an gina su a kan ginshiƙai huɗu:

(a) Shafi ya zama ana iya riskarsa, ko da ido, ko da kunne, ko da taɓawa.
(b) Ya zama ana iya sarrafa shi.
(c) Ya zama ana fahimtarsa.
(d) Ya zama yana aiki da na'urori da manhajojin taimako iri-iri.

Sharuɗɗan suna da mataki uku: A, AA da AAA. Na tsakiyar, wato AA, shi ne ake nema daga hukumomi.

4.0 Matakan Gwaji

Ga matakan da na bi da kaina, waɗanda kowa zai iya jarrabawa.

4.1 Ajiye linzamin kwamfuta. Makaho ba ya amfani da shi, haka ma mai rawar hannu. A yi ta latsa maɓallin Tab ana tafiya daga wuri zuwa wuri. Shin ana ganin inda aka tsaya? Shin ana iya kaiwa ga kowane maɓalli, a kuma fita daga kowane akwati?

4.2 Ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 cikin 100. Idan kalmomi suka hau kan juna ko suka ɓace, shafin ya faɗi.

4.3 Duba launi. Dole bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 da 1, ko 3 da 1 ga manyan haruffa. Haka nan kada a dogara da launi kaɗai, kamar a ce "gyara wurin da ya yi ja", domin akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore.

4.4 Kunna manhajar karanta allo, a rufe ido. A kwamfuta akwai NVDA, wadda kyauta ce, da JAWS. A wayar Android akwai TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver. A nan ne ake jin maɓallan da ba a raɗa wa suna ba, manhajar ta ce "maɓalli" kawai, mutum bai san na aikawa ne ko na gogewa ba.

4.5 Duba hoton bidiyo da takardu. Shin bidiyo yana da rubutaccen zance a ƙasa domin kurame? Shin takardar PDF rubutu ce na gaske, ko hotonta aka ɗauka aka ɗora? Idan hoto ne, to ga makaho farar takarda ce.

4.6 A waya, a juya ta tsaye da kwance a ga ko manhajar za ta bi, a kuma duba ko wurin latsawa bai yi ƙanƙanta ba.

Akwai manhajoji irin su WAVE da Lighthouse da ke binciko kurakurai cikin ƙiftawar ido, amma wani ɓangare kaɗai suke kamawa. Sauran sai mutum.

5.0 Rabon Ɗalibin Harshe

A nan ne nake son mai karatu ya ƙara natsuwa. Na'ura tana iya gane cewa hoto ba shi da rubutaccen bayani a bayansa, amma ba ta iya yanke hukunci ko bayanin da aka rubuta ya isar da saƙo. Idan hoton jadawalin ranakun allurar rigakafi ne, aka rubuta "hoto na 3", to an cika wuri amma ba a faɗi komai ba. Rubuta jimlar da za ta tsaya a madadin hoto aiki ne na taƙaitawa da zaɓen kalma, irin wanda muke koya a aji.

Na biyu shi ne sunan mahaɗa. Makaho yakan sa manhaja ta jero masa duk mahaɗan da ke shafi. Idan guda goma duk sunansu "latsa nan", ya shiga duhu. Amma "sauke takardar neman tallafi" ta faɗi kanta.

Na uku, saƙon kuskure. "An sami matsala" ba ta warkar da kowa. "Ba ka rubuta ranar haihuwa ba" ita ce magana.

Na huɗu, alamar harshe. Sharaɗi mai lamba 3.1.1 ya ce dole a bayyana harshen shafi a cikin tsarin gininsa, mai lamba 3.1.2 kuma ya ce a yi wa duk sashen da ya sauya harshe alama. Alamar Hausa ita ce "ha". Idan aka rubuta Hausa aka bar alamar Ingilishi, manhaja za ta karanta ta da furucin Ingilishi. Na saurari haka da kunnena, kuma da ƙyar na tsinci kalma biyu a jimla.

Na biyar, haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. Duk ɗalibin Hausa ya san ratar da ke tsakanin "kafa" da "ƙafa", ko "bari" da "ɓari". A da, wasu sukan yi amfani da zubin haruffa na musamman wanda ke canza wa wani harafin kama ya fito kamar ƙ a ido, alhali a cikin na'ura wani abu ne daban. Manhaja abin da ke ciki take karantawa. Mafita ita ce amfani da tsarin Unicode, wanda ya ba kowane ɗayansu lambarsa. Wanda bai san ƙa'idojin rubutun Hausa ba, ba zai lura da wannan kuskure ba.

6.0 Mu a Nijeriya

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci samun bayanai da intanet. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Ga shi rajistar jarrabawa, da bautar ƙasa, da neman fasfo duk sun koma intanet. Idan matakalar bene tana hana gurgu shiga ofis, to hoton haruffa marar murya yana hana makaho shiga shafi.

7.0 Kammalawa

Shawarata ga 'yan ƙungiyarmu ita ce kowa ya zaɓi shafin hukuma guda da ke da sashen Hausa, ya bi matakan da na jero, ya rubuta abin da ya gani: wane shafi, wane wuri, mece ce matsalar, wa ta shafa, da jimlar da yake ganin ta fi dacewa. Sannan a aika wa hukumar cikin ladabi. Kada kuma a yi gwajin ba tare da masu abin ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abokin nan nawa ya yi alkawarin zama da mu ranar da za mu fara, kuma ya ce sharaɗinsa ɗaya ne: kowa ya kashe allon kwamfutarsa na minti 10 kafin ya buɗe baki. Allah Ya ba mu ikon amfanar da jama'a da abin da muka koya, amin.