Batirin Babur Ɗinka Yana Yawan Mutuwa? Auna Kafin Ka Sayi Sabo

Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, tsofaffin babura irin su Jincheng da Boxer da ƙananan roba-roba suka zama abin hawan gida, na zuwa makaranta da kasuwa. Yanzu kuma an ƙara musu kayan da ba a ƙera su da shi ba: cajar USB ta wayar hannu, fitilun ado, wani har da tiraka saboda ɓarayi. Da hon ya fara shaƙewa, sigina ta daina ƙiftawa, sai a garzaya a sayo batir. Bayan wata guda shi ma ya kwanta. Sau da yawa wani abu ne daban ke kashe batirin, kuma ƙaramar mita irin DT830 da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari za ta nuna maka shi.

Abu uku ne ke aikin caji. Akwai kwayil a cikin inji, wanda maganaɗisu ke zagayawa yana samar da wutar AC. Akwai rektifaya, ɗan ƙarfen nan mai haƙarƙari, da ke mayar da ita DC ya kuma hana ta wuce kima. Sai batir da ke ajiyewa. Wayarin ne ke haɗa su. A yawancin waɗannan babura filogi da babbar fitila daga kwayil suke shan wuta kai tsaye, shi ya sa babur zai tashi da kik ya yi ta gudu alhali caji ya daɗe da tsayawa.

Fara da batir. Juya mita zuwa DCV 20, jan tsinke a kan alamar +, baƙi a kan −, bayan babur ya huta aƙalla awa ɗaya. Cikakken batir yana nuna 12.6 ko sama kaɗan. 12.2 kusan rabi ke nan, ƙasa da 12 kuwa ya zube. Duba jikinsa tukuna, don wasu tsofaffin babura volt 6 suke amfani da shi, a nan sai ka raba duk lambobin gida biyu. In mai ruwa ne, ruwan ya kai layi, kuma ruwan batir za ka ƙara, ba na famfo ba.

Yanzu tayar da inji, tsinken mita na nan inda suke, ka ja totur zuwa rabi. Jingine wayarka ta ɗauki bidiyon fuskar mitar, don hannuwanka biyu suna da aiki. Lambar ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ta wuce 15 tana ci gaba da hawa, rektifaya ya saki, yana dafa batirin ne, kuma shi ne dalilin da ƙwayayen fitila ke ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. In ba ta motsa daga 12 da ɗoriya ba, caji ba ya isowa. Amma kada ka yi saurin ɗora wa rektifaya laifi.

Zare soket ɗin da ya fito daga gefen inji, bayan ka ɗauki hotonsa don ka san yadda za ka mayar. Mayar da mita ACV 200, ka auna wayar caji, wadda a tsarin Honda da masu kwaikwayonsa fara ce ko ruwan hoda, da jikin inji. Da ka ja totur lambar ta tashi ta wuce volt 20. In haka ne kwayil lafiya lau. Wasu bidiyoyin YouTube za su ce in mita ta nuna kwayil yana haɗe da jikin inji to ya ƙone. Wannan na manyan babura ne masu wayoyi uku rawaya. A ƙananan namu da yawa, da gangan aka ɗaure bakin kwayil ɗaya a jiki.

In kwayil yana ba da wuta, batir bai samu ba, saura rektifaya da wayarin, kuma ni wayarin nake fara tuhuma. Nemi wayar nagatif da aka ɗaure a jikin babur, koriya a tsarin Honda, baƙa mai farin layi a na Suzuki. Ruwan Agusta da ƙurar hunturu suna sa tsatsa a ƙarƙashin notinta. Kwance, ka goge da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tamau. Leƙa cikin kowane soket, in ka ga kore-kore ko robar ta narke, ga inda wuta ke maƙalewa. Sannan wuyan babur. Wanda ke zaune a Soron Ɗinki ya san sau nawa yake murɗa kai kafin ya fita daga lungu zuwa titi, kuma a nan tagullar ke karyewa a ciki, robar waje tana nan kamar ba abin da ya faru. Kunna makulli, ka riƙa juya kan hagu da dama kana kallon fitilar nitira. In ta ɗauke ta dawo, ka kama ɓarawon.

Fis kuma, in ka tarar an naɗe shi da takardar sigari ko zaren tagulla, cire yau. Wayarin yana bi ta ƙarƙashin tankin fetur ne.

Sai matsalar da ta fi shafar masu cajar waya: caji yana zuwa daidai, amma babur ya kwana biyu a soro sai batir ya mutu. Kashe makulli, cire wayar nagatif daga batir, ka sa mita a DCA, ka fara da ramin 10A kafin ka sauko 200m. Tsinke ɗaya a kan batir, ɗaya a kan wayar da ka cire. Kada ka taɓa sitata a wannan hali, mitar za ta ƙone. Tsohon babur da ba a ƙara masa komai ba kusan sifili yake nunawa. Cajar USB da aka jona kai tsaye a batir kuwa tana sha ko ba waya a jikinta, musamman mai nuna lambobi da shuɗiyar fitila. A ce tana jan miliamfiya 20: a kwana ɗaya ta cinye kusan 0.5Ah, a kwana biyar rabin batir mai 5Ah ya tafi. Tafiya daga Soron Ɗinki zuwa Kurmi ko Rimi, 'yan mintuna a giya ta biyu cikin cunkoso, ba za ta mayar da wannan ba.

Zare kayan ƙarin ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi. In cajar ce, a mayar da ita kan wayar da ba ta samun wuta sai an kunna makulli, baƙa a tsarin Honda, a sa mata nata fis na amfiya 3. Tiraka dole ta zauna a kan batir, don haka mai ita ya riƙa ba babur doguwar tafiya, ko ya kai batirin caji in zai ajiye shi fiye da mako. Duk inda aka yanka waya a yi mata dalma a rufe da kyau, murɗawa da salatif ba ya kai damina biyu.