Daga Kiran Magariba Har a Gama Tuwo, Waya Ta Huta

A Zebilla ba wanda zai ce wa magidanci ya rabu da wayarsa ya ji maganarsa. Kuɗin albasa ta MoMo suke shigowa, ɗan da ke Kumasi ta nan yake aiko da na cefane, mai shirin bin hanyar Bawku ko Bolga kuwa sai ya kira ya ji lafiyar hanya kafin ya hau mota. Abin da nake roƙon kowane gida shi ne a keɓe lokaci guda a kullum wanda ba mai taɓa waya, tun daga maigida har auta.

Ku ɗauki daga kiran magariba har a dawo daga isha'i a gama cin tuwo. A lokacin nan kowa ya dawo gida, kasuwa ta tashi, kuma bai wuce awa biyu ba. Wanda ya ce zai hana iyalinsa waya na mako guda cur, kafin jibi shi zai fara karya dokar.

A sami kwano mai murfi a ajiye a falo. Maigida, taka ce za ta fara shiga, a gaban yara, sannan ta uwargida, sannan nasu. In ka tsaya kana “bari in amsa wannan saƙon tukuna”, ka koya musu hanyar zillewa. Talabijin ma a kashe ta. A bar ƙaramar waya guda mai madanni a kunne, a ba dangi da abokan ciniki lambarta, a gaya musu duk abin gaggawa su kira nan. Wannan ita ce amsar mai cewa idan wani abu ya faru fa.

Kuma tsoron nan na wani abu ya faru ba na banza ba ne a yankinmu. Tun watan Nuwamba na 2021 ake ta sabunta dokar hana fita a Bawku, kuma duk sanda aka ji harbi sai hotuna da saƙonnin murya su cika WhatsApp da Facebook, wasu na gaske, wasu tsofaffi, wasu ma ba daga Ghana suke ba. Babba ya buɗe saƙon murya a tsakar gida da ƙarfi, yaro ɗan shekara bakwai yana gefe yana jin ana zagin wata ƙabila, gobe kuma benci ɗaya zai zauna da ’ya’yan ƙabilar nan a makaranta. Wannan ya fi damuna a kan duk wani wasan waya. A irin ranakun nan mutum ɗaya babba ya ɗauki nauyin bin labari: ya saurari rediyo, ya kira wanda ya amince da shi a can, ya zo ya faɗa wa iyali abin da ya tabbata. Hoton gawa kada a buɗe shi inda yara suke, kada kuma a tura shi gaba.

Ƙananan yara hukuncinsu daban. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Uwar da ke tuƙa tuwo yaro na kuka ta miƙa masa waya, ban ga laifinta ba, hannunta biyu ne. Sai dai a raba aikin tun da wuri: yayarsa ko kakarsa ta riƙe shi har a sauke tukunya.

Samari da ’yan matan sakandare, waɗanda ake hana su waya a makarantar kwana, idan sun dawo hutu sai su nemi fanshe watannin da suka rasa. Kada a ƙwace, a yi ciniki da su: ka sa a kwano da magariba, ka ɗauka bayan tuwo har ƙarfe tara. Mai shirin jarrabawar BECE da malami ke turo wa aiki ta WhatsApp ya kwafe shi a takarda tun da la’asar.

Kwanakin farko za a sha ɓacin rai da zumɓura baki, musamman idan aka bar yara zaune ba abin yi. A fito da ludo ko dara, a kawo gyaɗa a ɓare tare, a sa mai zuwa makarantar allo ya biya karatunsa. Gidan da ke da tsoho ya yi sa’a: a tambaye shi ta ina kakanni suka zo, wace hanya fatake suke bi zuwa Salaga sayen goro, wa ya fara zama a zangon nan. Yawancin yaranmu ba a taɓa gaya musu ba.

Da dare a yi cajin wayoyi a falo, kada wanda ya kwana da tasa ƙarƙashin matashi. Ranar da baƙi ko biki suka rushe tsarin, washegari a koma ba tare da faɗa ba. In an yi mako biyu ya zauna, sai a ƙara da yammacin Juma’a, daga saukowa masallaci zuwa la’asar.