Darasi na 14: Ɗan Kasuwa a Farkon Tafiya

Wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari a Kano, ko babbar kasuwar Anacha, ko ta Balogun a Legas, ya ga manyan 'yan kasuwa zaune a shagunansu, yara suna ta kai da kawowa. Abin da bai gani ba shi ne shekarunsu na farko, lokacin da jari ɗan kaɗan ne, masu saye ba su san su ba, kuma kuskure ɗaya ya isa ya rufe sana'ar. Wannan lokaci ne za mu duba.

Abu na farko da mai fara sana'a zai koya shi ne raba uwar kuɗi da riba. A ce wata yarinya ta gama sakandare, ta fara sayar da zoɓo. Ta kashe naira 8,000 wajen sayen zoɓo da sukari da citta da robobi da ƙanƙara. Ta sayar da roba 60 a kan naira 200 kowace. Da yamma sai ta ga naira 12,000 a hannunta. Nawa ne nata? Idan ta cire 8,000 na kaya, da 1,000 na kuɗin mota, ribarta 3,000 ce kawai. Idan ta yi murna ta kashe 5,000, to, ta ci 2,000 daga cikin jarinta. Gobe kayan da za ta iya saye sun ragu, jibi su ƙara raguwa. Hausawa sukan ce irin wannan ta ci uwar kuɗi. Maganin abin ba shi da tsada: littafi da biro. A rubuta abin da aka saya, da abin da aka sayar, da abin da aka ɗauka don cefane, kowace rana, ko da ranar ba a yi ciniki ba.

Daga nan sai maganar bashi. Sabon ɗan kasuwa yakan ji kunyar hana 'yan'uwa da abokai, su kuwa su ne suke fara zuwa. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma ƙaramin jari ba ya jure shi. Dole mutum ya iya cewa "a yi haƙuri" da sakin fuska, ba tare da ya ɓata zumunci ba. A ganina wannan ya fi lissafi wuyar koyo.

Sai kuma iya magana da mutane, kuma a nan ne Hausar da kuke koya za ta yi muku rana. A kasuwa mai saye yakan taya kaya. Idan tayin bai yi ba, mai kaya ba ya faɗa, sai ya ce, "Albarka." Idan ya yarda, sai ya ce, "Na sallama." Wani lokaci ya yi ragi, ko ya ƙara gyara. Wanda ya je sarin albasa ko tumatir a kasuwar Mile 12 a Legas, ya gaida mai kaya da harshensa, ya tambaye shi gida da gajiya kafin ya yi tayi, zai ga bambanci. Mai saye ma haka yake. Idan ya yi ƙorafi cewa zoɓon ya cika zaƙi, darasi ya ba ka kyauta.

Akwai wata ƙwarewa da tarihin Alhassan Ɗantata ya nuna, wato lura da sauyin zamani. An haife shi a Bebeji a 1877. Ya fara da fataucin goro tsakanin ƙasar Gonja, wadda ke cikin Gana ta yau, da ƙasar Hausa. A da, fatake sukan yi watanni a hanya da jakuna, ga 'yan fashi, ga goro mai saurin lalacewa. Shi kuwa sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar teku zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, a 1918 ya zama mai saya wa Kamfanin Neja gyaɗa. Ya san manoma da dillalai, su ma sun san shi da cika alkawari, shi ya sa gyaɗa ta riƙa zuwa hannunsa. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Amma ku lura: bai taɓa gyaɗa ba sai da ya ƙware a goro.

Ma'anar kalmomi

jari ko uwar kuɗi: kuɗin da aka fara sana'a da su
sari: sayen kaya da yawa don a sayar kaɗan-kaɗan
tayi: farashin da mai saye ya faɗa
gyara: ɗan ƙarin da mai kaya yake bayarwa kyauta
fatauci: kasuwancin da ake yi daga gari zuwa gari mai nisa

Aikin yi

1. Da yarinyar ta sayar da roba 45 kawai, riba ta ci ko faɗuwa ta yi? Nuna lissafinka.
2. Me ake nufi da "Albarka" a bakin mai sayar da kaya?
3. Me ya sa jirgin ruwa ya fi jakuna amfani ga mai fataucin goro?
4. Kai da abokinka ku yi wasan ciniki a gaban aji: ɗaya mai albasa, ɗaya mai neman bashi.