Faifan Yankan Tayil Ya Daina Ci? Kada Ka Yi Saurin Yar Da Shi

Tambaya: Ni mai sa tayil ne a Alelu, ina karɓar aiki har cikin garin Jega da Aliero da Maiyama. Faifan daimon da nake saya yakan daina ci tun bakinsa bai ƙare ba, sai zafi da tartsatsi, tayil kuma ya riƙa ɓantarewa. Jabu ake sayar mini ne?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Jabu kam akwai shi a kasuwa, amma abin da ka kwatanta galibi rashin dacewa ne tsakanin faifan da abin da ake yankawa. In ka san yadda ake ƙera shi, za ka gane maganin da kanka.

Tsakiyar faifan ƙarfe ne zalla, bakin ne ke aiki. A masana'anta ana cakuɗa ƙwayoyin daimon ƙanana kamar yashi da garin ƙarfe, irin su kobalt, tagulla da kuza. Sai a zuba a mazubi, a danne da ƙarfi, a gasa a zafin da kan kai digiri 700 zuwa 900, har garin ya haɗe ya riƙe ƙwayoyin kamar riɗi a cikin kantu. Daimon ɗin ba na haƙowa ba ne. Tun 1954 masanan kamfanin General Electric a Amurka suka iya ƙera shi, yau kuma mafi yawansa daga ƙasar Sin yake fitowa.

Faifan nan gurza yake yi. Ƙwayoyin da suka leƙo waje su ke cin tayil, in sun dakushe dole ƙarfen da ke riƙe da su ya zaizaye, su faɗi, sababbi su fito daga ƙasa. Saboda haka ƙa'idar masu ƙira ita ce: abu mai tauri da santsi, kamar giranit da tayil mai ƙwari, yana son faifai mai riƙo mai laushi, abu mai yashi, kamar bulo da sabon kankare, yana son mai riƙo mai tauri. In ka ɗora faifan bulo a kan tayil mai ƙwari, daimon zai dakushe, ƙarfen kuma ya ƙi zaizayewa, bakin ya koma sumul. In ka ɗora na tayil a kan bulo, yashi zai cinye shi tun kuɗinka bai fita ba.

Cire wuta, ka shafa bakin da yatsa. Faifai mai lafiya yana da kaushi, kuma in ka duba da kyau za ka ga ɗan jelar ƙarfe a bayan kowace ƙwaya. In ka ji santsi, samo tsohon bulon siminti ka tsaga shi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar. Yashin zai kankare ƙarfen, daimon ya sake leƙowa. Amma ɗan arahar nan da aka manna wa ƙwayoyi shafi ɗaya kawai, in ya ƙare ya ƙare ke nan.

Wajen saye, faɗa wa mai shago aikin da za ka yi. Mai baki a haɗe babu tsaga na tayil ne. Mai tsaga-tsaga na bulo da kankare ne. Bi kibiyar da ke jikinsa wajen ɗaurawa, kuma lambar gudun da aka rubuta kada ta gaza ta injinka. Kada ka danna. In janareta ya yi rauni gudu ya ragu, dannawa zafi kawai take ƙarawa. In kana yanka a bushe, riƙa ɗaga faifan ya juya a iska ya huce. Kada ka yanka rodi da shi, domin baƙin ƙarfe mai zafi yana cinye daimon. Faifan da ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko haƙorinsa ya fita, jefar da shi nan take, kuma kada ka kuskura ka cire murfin injin.

Abin da ya fi damuna shi ne farar ƙurar nan da kai da yaranka kuke shaƙa. Tana taruwa a huhu ta bar tabon da ba ya warkewa, sai bayan shekaru tari da sarƙewar numfashi su bayyana. Ƙyalle a hanci ba ya tare ta. Nemi injin teburi mai ruwa in da hali, amma kada ka kwara ruwa a kan injin hannu mai lantarki. Ku sa takunkumi mai tace ƙura da tabarau, ku yi yanka a fili, iska na kaɗawa daga bayanku. Yaron da aka ba ka amana ya koyi sana'a, haƙƙinsa ne ya koyi wannan tun ranar farko.