Kafin Ku Ɗauki Shatar Mota: Nasiha Daga Bakin Tasha

Da yaron mota na fara a hanyar Suleja zuwa Minna, daga baya na riƙe sitiyari shekara da shekaru, yau kuma aikina a tasha shi ne haɗa masu neman shata da direbobi. Da zarar amfanin gona ya shiga rumbu, sai mu fara ganin baƙi daga ƙauyukan Gurara da Tafa: mutanen Lambata, Izom, Gawu, Dikko da Sabon Wuse. Wannan zai kai amarya Zariya, wancan zai kai ɗaliban Islamiyya musabaƙa Minna, wani kuma ta'aziyya za su je Kano. Kusan kowa, daga sallama sai "Nawa ne?" To, 'yan uwa, duk wanda jama'a suka ɗora wa neman mota, ba ciniki kaɗai aka aike shi ba. Amanar rayuka aka damƙa masa.

Akwai wani dattijo da ya zo mini daga wani ƙauye bayan Lambata, jikarsa za a kai gidan miji Zariya. Muka daidaita a kan bas ƙirar Hiace, ya ce su goma sha huɗu ne. Da asuba na bi direban don in nuna masa hanya. Muna isa muka tarar da mata sun fi ashirin da biyar a ƙofar gida, kowace ta ci ado, ga goyo, ga katifa da kwalla da buhunan gara an jibge a gefe. Na ja dattijon gefe na ce, "Baba, motar nan ba za ta ɗauke su ba." Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, wa zan ce ta sauka? Kowace 'yar uwa ce." Na ce, "Baba, gara a yi fushi da kai yau a gaisa gobe." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya aika aka kira ƙannensa, aka yi karo-karo, muka kira mota ta biyu ta kwashi kaya da sauran mutanen. Tun daga ranar nake roƙon kowa: a rubuta sunayen masu tafiya tun ana sauran kwanaki, a ƙirga har yara, a kuma faɗi gaskiyar yawan kaya.

Dalilin da ya sa shata daga ƙauye ta fi ta cikin gari tsada kuwa a fili yake. Motar za ta taso daga Suleja wayam ta je ta ɗauke ku, in ta dawo da ku ta sake komawa wayam. Ga hanyar burji mai cin taya da ƙafar mota, ga kuɗin mai da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Idan kun matse direba har ya karɓi kuɗin da bai kai ba, ku sani ba daga aljihunsa zai cike giɓin ba. Daga wuri uku zai cike shi: ya ci gaba da lallaɓa tsohuwar taya, ya ƙara fasinja a hanya, ko ya hana idonsa barci don ya kama lodin gobe. Araha ba ta ado, balle a kan titi.

Saboda haka kada ku biya kafin alƙalami sai kun ga motar da idonku, ba hotonta a waya ba. Ku tsuguna ku duba taya. A gefenta akwai lamba huɗu a jere: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In kun ga 2321, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin cewa taya ba ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta bai cinye ba. Ku ce a nuna muku safaya da jak, a kunna fitilu, a taka birki a gabanku, ku ga lasin direba da takardun mota. Direban kirki ba ya jin haushin wannan.

Sai batun barci, wanda ya fi komai tayar mini da hankali. Daga Suleja zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 400 ce. Direba ɗaya ya tashi da asuba, ya wuni cikin hayaniyar biki, a ce kuma ya juyo bayan isha'i, wannan ganganci ne. Ba mu manta da 31 ga Mayu, 2025 ba, ranar da bas ɗin 'yan wasan Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, saura ƙiris su isa gida, aka rasa rayuka sama da ashirin. Jami'an kiyaye haɗurra sun danganta abin da gajiya da gudu. Allah Ya jiƙan su. In tafiyar mai nisa ce, ku biya kuɗin kwana, ku ba direba ɗaki da abinci, ko ku nemi direba biyu.

Ku kuma tashi da wuri. Hanyar Suleja zuwa Minna cike take da tirela da tankokin mai, mahaɗar Dikko kuwa har yau zukatanmu ba su warke daga gobarar tankar da ta ci rayuka masu yawa ranar 18 ga Janairu, 2025 ba. Hanyar Kaduna ma tafiyar rana ta fi kwanciyar hankali. Sau da yawa jiran masu kwalliya ne ke kai mu azahar ba mu tashi ba, sannan a dawo ana ce wa direba ya taka. Iyakar gudun bas a babban titi mai hannu biyu kilomita 90 ne a awa. Ku zaunar da mutum mai natsuwa a gaba kusa da direba, mai iya cewa, "Malam, a rage wuta," ba mai zuga shi ba. Sauri ya haifi nawa.

A ƙarshe, ku yi cinikin a cikin tasha, a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi, ba da ɗan bakin titi da ba ku san inda za ku same shi gobe ba. A rubuta komai a takarda: lambar mota, sunan direba, inda za a ɗauka da inda za a sauke, lokacin tashi da na dawowa, wanda zai sayi mai, da abin da za a yi in mota ta lalace a hanya. Ku biya rabi, sauran sai an dawo. Takardar sunayen matafiya da lambobin danginsu a yi ta biyu, ɗaya a mota, ɗaya a bar wa mai unguwa ko liman. Lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122, kowa ya ajiye ta a wayarsa.

Dattijon nan ya sake zuwa bayan shekara guda, wannan karon ɗalibai zai kai Minna. Bai tambayi kuɗi ba sai da ya zaro takarda daga aljihun babbar rigarsa, ya miƙo mini ya ce, "Ga sunayensu, ɗana, su ashirin da shida ne. Nemo mana Kosta, kuma ni zan duba tayar da kaina." Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya.