MAN GASHI MAI MOTSA JINI: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

A kasuwanni da kantunan sayar da magani ana samun kwalabe da gwangwanaye na man shafawa iri iri, waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa suna motsa jini, suna gyara fata, suna kuma tsirar da gashi ga mai sanƙo. Maza da mata da yawa suna zuba kuɗinsu a kan irin wannan mai. Wani yakan dace. Wani kuwa sai ya tashi da ƙuna a fatar ka, ga kuɗi sun tafi, ga sanƙo yana nan inda yake. An shirya wannan bayani ne domin mai karatu ya san abin da yake saye tun kafin ya sa hannu cikin aljihu.

YADDA GASHI KE TSIRA

A kan baligi akwai silin gashi wajen 100,000. Kowane sili yana da saiwarsa a cikin fata, kuma waɗansu 'yan ƙananan jijiyoyin jini ne ke kai wa saiwar abinci da iska. Sili yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, kamar santimita ɗaya a wata ko ƙasa da haka kaɗan. Sa'an nan ya huta wajen wata 3, ya faɗi, sabo ya fito a gurbinsa. Saboda haka in mutum ya ga sili 50 ko 100 sun zube a rana, ba ciwo ba ne.

Tun da jini ne ke ciyar da saiwa, sai masu yin man shafawa suka ce in an ƙara gudun jini a fatar ka, lalle gashi zai ƙaru. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta cika ba. Sanƙon da ya fi yawa gado ne. Wani sinadari na jikin namiji, wanda mata ma suna da shi kaɗan, shi ke sa saiwar ta riƙa tsukewa shekara da shekaru, gashin ya yi siriri, ya gajarta, har ya daina fitowa. Ba ƙarancin jini ne ya fara kawo shi ba.

MASU ƊUMAMA FATA

Galibin man da ake cewa yana motsa jini, a cikinsa akwai wani abu mai sa jijiyoyin da ke kusa da saman fata su buɗe na ɗan lokaci. Sananne daga ciki shi ne metil nikotinet, wanda ake samu daga bitamin B3. Sunan ya yi kama da na nikotin ɗin taba, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Akan kuma sa ruwan barkono, ko citta, ko kafur. Da an shafa, cikin 'yan mintoci mutum zai ji ɗumi da ɗan zafi-zafi, mai farar fata ya ga wurin ya yi ja. Ba da daɗewa ba abin ya wuce, fata ta koma yadda take.

Wannan ɗumi shi ke sayar da kaya, domin mai shafawa yakan ɗauka magani ne ke aiki. Alhali kuwa jin zafi shaida ce kawai ta cewa fata ta ji abin da aka sa mata. Ga baƙar fata ma akwai ƙarin hatsari, don jan ba ya fitowa fili, sai mutum ya yi ta ƙarawa har wurin ya ƙone. In ya warke kuma yakan bar baƙin tabo mai wuyar gogewa, musamman a fuska. Kada a kai irin wannan mai kusa da ido, ko kan ƙurji, ko inda aska ta yanka, ko jikin jariri.

MINOKSIDIL

Cikin masu buɗe jijiyoyin jini, wanda likitoci suka jarraba suka tabbatar yana taimakon mai sanƙon gado shi ne minoksidil, wanda a jikin kwalba ake rubutawa Minoxidil. Asalinsa maganin hawan jini ne na sha. Kamfanin Upjohn na Amurka ya yi shi, hukumar magunguna ta ƙasar kuma ta yarda da shi a 1979. Tun ana gwajinsa likitoci suka lura gashi na fito wa masu shansa a fuska da baya da hannuwa. Daga nan aka mai da shi ruwan shafawa mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, aka yarda da shi don maza a 1988 da sunan Rogaine, don mata kuwa a 1991. A 1996 aka ba da damar sayar da shi a Amurka ba tare da takardar likita ba. Daga baya aka fito da mai ƙarfin kashi 5 cikin 100.

Shi ma ba buɗe jijiya kaɗai ne aikinsa ba, gama akwai magunguna da yawa masu buɗe jijiyoyin jini waɗanda ba a san su da tsirar da gashi ba. Minoksidil yana tsawaita lokacin da sili ke girma, yana kuma ƙara wa saiwar da ta fara tsukewa kauri. Amma fa sai wani sinadari da ke cikin saiwar ya juya shi kafin ya yi aiki, kuma yawan sinadarin nan ya bambanta tsakanin mutane. Shi ya sa 'yan'uwa biyu za su shafa kwalba ɗaya, ɗaya ya ga amfani, ɗaya bai gani ba.

Wanda zai fara, ya shirya haƙuri. Ana shafa mililita ɗaya na ruwan a busasshiyar fatar ka, safe da yamma, sa'an nan a wanke hannu. Ƙara yawa ba ya ƙara gashi, sai dai illa. A makonnin farko gashi yakan ƙara zuba, domin tsofaffin silin na ba sababbi wuri. Ba a ganin sauyi sai bayan wata 3 ko 4, wani ma har 6. Ya fi amfani a tsakar ka, ga wanda sanƙonsa bai daɗe ba. Inda ya riga ya yi sumul shekaru da yawa, da wuya a sami wani abin kirki. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba kuwa shi ne: ranar da aka daina, cikin 'yan watanni gashin da aka samu zai zube. Watau kuɗin da za a kashe ba na kwalba ɗaya ba ne, na kowane wata ne.

Mace mai ciki da mai shayarwa su nisance shi. Mai ciwon zuciya, da mai shan maganin hawan jini, da yaron da bai kai shekara 18 ba, kada su taɓa sai da shawarar likita. Samarin da ke shafa shi a haɓa don neman gemu su sani ba don fuska aka yarda da shi ba. Wanda ya ji bugun zuciya ya yi sauri, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko ya ga ƙafafunsa sun kumbura, ya daina nan take ya tafi asibiti. A Turai an sami jarirai da gashi ya rufe wa baya da ƙafafu saboda haɗa jiki da iyaye masu shafa maganin, har a 2024 hukumar magunguna ta can ta sa a ƙara gargaɗi a takardarsa. Uba mai ɗaukar ɗa da uwa mai goyo su kula. Kyanwa kuwa, ɗan kaɗan ta lasa yana iya kashe ta.

BA KOWACE ZUBAR GASHI CE SANƘO BA

Mace mai jego takan ga gashinta na zuba wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, shi kuwa yakan dawo da kansa. Haka ma bayan zazzaɓi mai tsanani. Ƙarancin jini daga rashin abinci mai gina jiki yana kawo zubar gashi, maganinsa kuma yana wajen gyara jinin, ba a kwalbar shafawa ba. Makero a kan yara ƙwayar cuta ce da ke bin aska da mataji da hula, sai an sha maganin asibiti na makonni take mutuwa. Kitso mai tsauri, da ƙarin gashi mai nauyi, da man miƙar da gashi, su ke cinye gaban goshin mata da yawa. In an sassauta da wuri gashin yakan dawo, amma in saiwar ta mutu ta zama tabo, babu man da zai tashe ta.

Don haka wanda gashinsa ya zube farat ɗaya, ko ya zube wuri-wuri kamar kwabo, ko ya zo da ƙaiƙayi da mugunya, likita zai fara nema. Wanda kuma zai sayi mai, ya duba jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, da ranar lalacewarsa, da lambar rajista ta NAFDAC, watau hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna da kayan shafe-shafe. Man da aka ɗura a kwalbar da ba suna ba lamba, a bar wa mai shi. A ajiye minoksidil inda hannun yaro ba zai kai ba. In har yaro ya sha, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, kada a tsaya ba shi madara ko manja.