Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Kifi Ƙin Cin Abinci Bayan Jigila?

Tambaya: Ina kiwon tarwada a Rogo. Duk sanda na sayo 'ya'yan kifi ko na ware manya daga ƙanana, sai su yi kwanaki suna ƙin abinci, wasu ma su mutu. An ce akwai sinadarin da ke kwantar musu da hankali. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, maganar tana da tushe. Idan kifi ya firgita, jikinsa yakan saki sinadarin kotisol cikin jini, ya ba shi ƙarfin tserewa. Kifin da ke dam ɗin Challawa a Karaye yana da faɗin ruwan gudu, da ya tsira jikinsa ya lafa. Naka kuwa yana cikin tanki, ga cunkoso, ga raga, ga girgizar mota. Idan kotisol ya daɗe a sama, sai cin abinci ya ragu, garkuwar jiki ta yi rauni, ƙwarzane kaɗan a fata ya zama gyambo.

Sinadarin da ka ji labari sunansa tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan furotin. Jikin kifi ba ya haɗa shi, sai ta abinci, kuma da shi ƙwaƙwalwa ke yin serotonin mai sassauta firgici da faɗa. A 2002, masana a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun ƙara shi a abincin wani kifin ruwan sanyi har kwana 7, sannan suka tsorata kifin ta hanyar rage ruwan tanki. Kotisol ɗinsu bai kai na waɗanda ba a ƙara wa ba.

Darasin na kusa da kai: masara tana da ƙarancin tiriftofan, waken suya da garin kifi kuwa suna da shi sosai. Cika abincin kifi da dusar masara don sauƙin kuɗi, araha ce wadda ba ta ado.

Amma abinci kaɗai ba ya isa. Ka daina ciyar da su kwana ɗaya kafin jigila. Ka kwashe su da sanyin safiya, da jiƙaƙƙen hannu. In kun iso, ka riƙa zuba ruwan tanki kaɗan-kaɗan cikin jarkar da ka ɗauko su da ita kafin ka sake su. Kafin ka sayi wani gari da sunan maganin firgici, ka tuntuɓi malamin gona ko likitan dabbobi.